Minti Biyun Luverne

Luverne Tillery na gyara abin magana ke nan shugaban kwamitin majalisa ya ɗaga mata yatsu biyu.

"Minti biyu gare ki, uwargida."

Minti biyu, ga matar da ko gaisuwa ba ta gamawa a minti biyar! Shekararta ashirin da shida tana kiran lambobin bingo, 'yar cacar da tsofaffi ke yi da kati mai lambobi, a zauren 'yan kwana-kwana duk Alhamis. Tun da asuba kamfanin jirgin ruwa na caca ya kwaso su a bas daga bakin teku zuwa majalisar jiha, su arba'in, kowa da koriyar riga da soyayyiyar kaza a takarda. Brantley, wakilin kamfanin, ya ce ƙuduri mai lamba 412 zai hana hukuma taɓa mai bingo da mai jirgi baki ɗaya. Ita kuwa sau biyu aka rufe musu zaure bara. Ta karanta ƙudurin a gida, shafi huɗu, ba ta ga aibunsa ba.

Sai ta ba 'yan kwamitin labarin Miss Ozella Pruitt, mai shekara tamanin da takwas, wadda ɗanta ke matsa wa ta koma gidan kula da tsofaffi kusa da shi a Atlanta. Tsohuwar ta ce muddin akwai bingon Alhamis ba inda za ta. Kafin Luverne ta rufe baki, wata 'yar majalisa ta share hawaye. Aka kaɗa ƙuri'a, bakwai suka rinjayi biyar.

A baranda Doyle Hatcher ya tare ta, ɗan majalisar yankinsu, wanda suka yi firamare tare.

"Verne, wa ya aike ki?"

"Kai dai baƙin ciki kake, Doyle. Tun muna aji uku ba ka son in fi ka baki."

Bai yi dariya ba. Ya miƙa mata takardu masu kauri.

"Da safen nan suka sauya rubutun. Lambar tana nan, cikin ne aka kwashe aka zuba wani. Haka ake yi a gidan nan. Duba shafi na sha tara."

Ta sa tabarau. Duk gundumar da jirgin caca ke tsayawa, babu sauran bingo a tudu daga ɗaya ga Yuli. Ta karanta sau biyu.

"Don me ba ka faɗa min ba?"

"Sau uku ina ɗaga miki hannu daga kujerata. Ke ma kika ɗago min, kina washe baki." Ya sassauta murya. "Mutum biyu ne ke shakka, maganarki ta juya su. Sauran 'yan majalisa na babban zaure kuwa an riga an shawo kansu."

A bas kowa na tafa mata. Brantley ya zo ya tsuguna gefen kujerarta.

"Miss Luverne, yau kin gama da su! Muna neman mai kiran lamba a jirgi, kujera ɗari uku, ga sanyin na'ura."

"Ka san sun sauya rubutun?"

"Lauyoyi ne, kin san halinsu."

Ta juya ta kalli taga. Jirgin nan sai ya yi mil uku cikin teku kafin a taɓa kati, ga tsani mai tsawo, ga igiyar ruwa. Rabin mutanenta da sanda suke tafiya. Kunya ta ishe ta, ta yi da-na-sanin kowace kalma da ta faɗa, har da waɗanda suka yi daɗi. Su ne ma suka fi ƙona mata rai.

Wajen biyar na yamma ta isa zauren bingo, da ma ranar Alhamis ce. Tsofaffin sun kalle ta a talabijin ɗin majalisa, sun jera tebura, har da kek mai sunanta. Suka ɗau shewa. Miss Ozella ta turo kekenta na guragu ta kama hannunta gam.

"Yarinya, ashe bakin nan naki na da amfani!"

"Miss Ozella, akwai maganar da..."

"Bari in fara ba ki tawa. Kina sauka daga kan mumbarin nan na kira gidan tsofaffin. Ɗakin da ɗana ya shekara biyu yana bin layi a kansa, na ce su riƙe abinsu, doka ta tsaya min."

"Kin kira su? Ba ni lambar, yanzu."

"Ki yi me da ita? Ai har sun ba wani tsoho da ke bayana, matarsa ta bugo tana min godiya tana kuka." Ta buɗe katunanta shida a kan tebur, ta cire murfin alƙalaminta. "Me za ki ce ɗazu?"

Luverne ta dubi fuskokin nan talatin da ke jiranta. Alhamis goma sha ɗaya suka rage kafin Yuli.

"Ba komai, Miss Ozella. Ku gyara zama."

Ta hau kujerarta, ta juya kwandon ƙwallaye masu lamba, ta ɗauko ta farko. Sai da ta goge tabarau sau biyu kafin ta iya ganin lambar.