Katunan Yatsu a Durowar Malama Tolliver

…sunayen yara ashirin da bakwai a takardarki, tara a tawa. Sau uku ina komawa bangon ofis ina dubawa. Shugaban makaranta kuwa ya faɗa ƙarara: aji ɗaya na kimiyyar binciken laifi za a bari baɗi, wanda yara suka fi zaɓa. Naki ke nan, Renita Boykin. Ke da kika zo bara-bara.

Ga dariyarsu nan tana ratso bango. Me kike gaya musu ne haka? Shekara goma sha tara ina koyar da darasin nan a Memphis — baƙar hoda, buroshi, yadda ake ɗauko zanen yatsa daga jikin kofi bai goge ba. Ke ko riƙon buroshin ba ki iya ba, sai ka ce mai shara. Amma baki, akwai shi. Rabin darasi kimiyya, rabi kuma… yadda yaro ke farawa da korar mako guda, ya faɗa hannun ɗan sandan makaranta, ya ƙare a gidan yari. Su fito idanu na ƙyalli. Ni ba su taɓa yi mini wannan kallon ba. Kishi nake yi, to, na faɗa. Cina yake yi.

Wai a ajinki in sun dangwala yatsu a kati, kowa ya yaga nasa kafin a tashi. Ɓarna. Nawa suna durowa, shekara bi shekara, da suna, da aji, ko ɗaya bai —

Tamika. Layi na biyu, yarinya mai kwanya, wadda nake taƙama da ita. Ɗazu na miƙa mata tawada, ta cusa hannuwa a ƙarƙashin cinya.

"Malama Tolliver, ki ba ni sifili kawai."

"Saboda me, 'yar nan?"

"Yayana ma ya dangwala miki."

Yayanta Cedric… shekara huɗu ke nan. Kwamfuta ta ɓace a ɗakin karatu, sai ga Dabney, ɗan sandanmu, ya leƙo da murmushinsa: "Malama, ɗan ara mini katunan nan naki, minti goma." Har daɗi na ji. An samu wanda ya san darajar aikina. Katin Cedric ya fi na kowa fita, ai ni na riƙe yatsan na mirgina shi a hankali, daga gefe zuwa gefe… An ga zanensa a jikin teburin da kwamfutar take. To wane yaro ne bai taɓa teburin nan ba? Ban tambaya ba. Aikina ne in tambaya? Yana da shekara sha shida. Ankwa, a ƙofar ɗakin cin abinci, kowa na kallo. Kora, kotun yara, daga nan kuma… ina yake yanzu ma?

Ke kin sani. An ce har wasiƙa kike rubuta masa. Ke da ko fuskarsa ba ki taɓa gani ba — ɗalibina ne fa, nawa.

Sunan Tamika na takardarki, na uku daga sama.

Ga makullin durowa a hannuna. In na yayyaga katunan, a ce Odessa Tolliver da furfurarta ta koma kwaikwayon yarinya. In na bar su… an ce wata waya ta ɓace da safen nan. Takun Dabney ke nan a baranda, na san ƙarar makullansa. Ya wuce ajinki. Bai taɓa tsayawa a ajinki ba, ko sau ɗaya.

A ƙofata ya tsaya.