Akwatunan Baba Orrin

Shekara ta biyar ke nan Bashira take zaune a Setapak, wata unguwa a babban birnin ƙasar 'yan Melayu, saboda wani tsohon Ba'amurke da ya mutu tun kafin a haife ta. Sunansa Orrin Belcott, marubuci ne, kuma a kansa take digirinta na uku. Da ta baro Funtua, inda take koyar da Turanci, cewa aka yi shekara uku za ta yi ta dawo. 'Yarta Aminatu a lokacin ko makaranta ba a sa ta ba. Yanzu ita ce mai karanta wa kakarta Iya saƙon waya.

Shi kuwa Belcott, ba abin da bai sa hannu a ciki ba. Ya rubuta labaran 'yan sandan ciki, ya rubuta na makiyayan shanu masu bindiga, ya yi littattafan yara da wasannin rediyo, ya yi na soyayya da sunan mata har biyu, kai har littafin girki sai da ya taɓa a wata shekara da abubuwa suka tsaya masa. Ga shi kuma mutum ne da ba ya zubar da takarda. Ya mutu ya bar akwatuna jingim a ɗakin karatun wata jami'a can ƙasarsu, su kuma suka bi su ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki hotonsu, suka buɗe wa masu bincike ta intanet. Bashira ba ta taɓa taka Amurka ba. A kan tebur ɗin roba, a hawa na sama na wani tsohon bene, fanka tana kaɗa mata iska mai ɗumi, a nan ta san mutumin nan ciki da waje. Ta san hannunsa in yana cikin nishaɗi, ta san shi in an dawo masa da littafi ba a karɓa ba.

Comfort, 'yar Kafanchan da suke haya tare, ita ta laƙaba masa Baba Orrin. In ta dawo daga asibitin da take koyon aiki sai ta leƙo ta ce, "Anti, yaya jikin Baba yau?" Da wasa aka fara, sunan ya bi shi. Ita kanta Bashira sai da ta kai ba ta iya kiran sunansa gatsau.

Matsalar tana cikin akwatunan ƙarshe. Sau ɗaya ta buɗe su, tun a shekararta ta biyu, kuma ba ta sake ba. A ciki hannun tsohon ya soma rawa. Giya ta ci shi, sannan ƙwaƙwalwa ta biyo baya. Akwai wasiƙun da ya rubuta wa 'yarsa tilo, yau ya roƙe ta gobe ya zage ta, zagi irin wanda uba ba ya yi wa 'ya. Akwai wani littafinsa na da da ya zauna ya kwafe kaf da hannu, yana murna ya rubuta sabo. Akwai takardun gidan jinya, har da na ranakun da ya ɓata shimfiɗa. Bashira ta ji kamar ta faɗa ɗaki ba sallama ta tarar da dattijo ba riga. Ta rufe kwamfutar, ta tashi ta yi alwala. A kundinta, shekarun nan sama da goma layi biyu ta ba su: ya yi fama da rashin lafiya, ya rasu a garin da aka haife shi.

Farfesa Zuhra, mai duba aikinta, ba ta da hayaniya, amma ba ta tsallake shafi. 'Yar Melayu ce, ƙarama, kullum da shayin da ya huce a gabanta. Ranar da Bashira ta kai mata kundin cikakke, tana sa ran sa hannun da zai kai ta gaban masu jarrabawa, Farfesa ta buɗe shafin ƙarshe ta juya shi wajenta.

"Mutumin ya rayu shekara goma sha wani abu bayan nan. Ina kika kai su?"

Bashira ta yi ta kewaye-kewaye. Ta ce littattafan kirki duk kafin lokacin ya rubuta su, ta ce bincikenta a kan fasaharsa ne ba a kan jikinsa ba. Farfesa ta bar ta ta gama, sannan ta ce ita ma ta ga akwatunan, kuma duk mai jarrabawar da ya san aikinsa zai gan su. Wanda yake son ya fahimci yadda mutum ɗaya ya yi rubutu da murya goma, in ji ta, dole ya kalli lokacin da muryoyin suka watse masa. Da Bashira ta ga ba mafita sai ta faɗi gaskiya: a wajensu ba a tona asirin mamaci.

"Ba 'yarsa ba ce ke fa, Bashira," in ji Farfesa. "Ki rubuta babin, in sa hannu."

Hukumar da ta turo ta karatu ta riga ta yi mata ƙarin lokaci, ta kuma gaya mata wannan ne na ƙarshe. Don haka ta koma ta buɗe akwatunan.

Wata biyun da suka biyo baya ba ta son tuna su. Ta tashi da safe ta zauna, ruwan la'asar ya zo ya daki rufin maƙwabta ya wuce, tana nan zaune. Bayanta ya riƙe, idanunta suka koma ja. Comfort ce take yi mata tapau, wato ƙunshin shinkafa, daga wajen mamak, mai sayar da abinci na ƙasan bene, ta ajiye mata a gefe, wani lokaci ta dawo ta tarar ko buɗewa ba a yi ba. Abin da ya fi ɓata wa Bashira rai shi ne babin ya ƙi yin muni. Yana zuwa mata a sauƙaƙe, jimla tana jan jimla, kamar dama shi take jira ta rubuta duk shekarun nan. Ta kawo wasiƙar zagin nan ta ajiye ta kusa da wani labarin yara da ya rubuta wa wannan 'yar tana ƙarama, kuma ko ita da ta haɗa su sai da ta kau da kai.

Farfesa Zuhra ta karanta ta ce wannan ne babin da ya fi kowanne, shi ne zai sa a san sunanta. Ta ce ta gyara 'yan kurakurai, mako mai zuwa za a sa hannu. Bashira ta fito ta hau LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, ta sauka a tashar Masjid Jamek, ta shiga kantunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman tana taya mayafai da yadi na tsaraba. Ta kira Iya ta ce mata in Allah ya yarda da ita za a yi babbar Sallah. Ya kamata a ce tana murna. Ita dai gajiya kawai take ji, da wani abu da ya tsaya mata a rai.

Ta san mene ne. A Funtua, in ka ci naman mutum ya mutu ba ku gana ba, wajen iyalinsa kake zuwa. Ka yi sallama, ka zauna a ƙasa, ka faɗi abin da ka yi, ka ce a yafe maka. Ta ga manya sun yi, har da waɗanda ba ta taɓa zaton za su durƙusa wa kowa ba. Ita kuwa ba a zaure ɗaya ta yi da Baba Orrin ba; a littafi ta sa shi, wanda za a ɗaure da bango mai kauri a ajiye a kanta.

Neman 'yar bai yi wuya ba, ga wadda ta shekara biyar tana tono. Edith sunanta, tana raye, ta haura tamanin, tana wani ƙaramin gari tana taimaka wa cocinsu da jaridar wata-wata. A jaridar Bashira ta samo adireshinta na intanet. Ta yi shawara da Comfort, Comfort ta ce ai ko a wajensu haka ake yi, ba ka taɓa gawar mutane ka wuce kamar ba ka gani ba. Farfesa kuwa ba a gaya mata ba. A ganin Bashira wannan ba maganar makaranta ba ce, tsakaninta da Allah ne.

Ta rubuta da ladabi irin na gida. Ta gaishe ta, ta yi mata ta'aziyyar uban da ya mutu shekaru hamsin da suka wuce. Kuma da yake ba a neman yafiya a dunƙule, ta faɗi komai dalla-dalla: ta karanta wasiƙun, ta ga takardun jinya, ga abin da ta ɗauko ta sa a babinta. Ta ce ba ta yi don cin mutunci ba, ta roƙe ta ta yafe mata, da bakinta da kuma a madadin mahaifinta. Da ta tura, a ranar ta ci abinci sosai.

Amsar farko ba daga Edith ta zo ba. Ɗakin karatun ne ya rubuto, cikin Turanci mai sanyi, cewa bisa buƙatar iyalan marigayin an rufe akwatunan ƙarshe. Ashe tun asali sharaɗin da aka yi shi ne ba za a buɗe su ba muddin 'yar tana raye. Masu ɗaukar hoto ne suka haɗa da su ba a lura ba, ita kuma tsohuwar ba ta taɓa sanin suna waje ba sai yanzu. An roƙi duk mai bincike kada ya ɗauko ko layi ɗaya daga cikinsu. Lauyan iyalin ma ya rubuto, har da kwafi zuwa ga jami'arta. Bashira ta danna inda ta saba dannawa, shafin ya fito fari fat.

Farfesa Zuhra ta riga ta samu nata kwafin kafin Bashira ta iso ofis. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wa ya aike ki?"

Bashira ta yi bayani, tana jin yadda maganar take ƙanƙancewa a bakinta da Turanci. Farfesa ta cire tabarau ta murje idanunta. Ta ce su ma suna neman gafarar juna duk ranar Sallah, ta san abin, ba baƙo ba ne a wajenta. Amma da ta zo ta tambaye ta, da ta ce mata ta bari sai an gama jarrabawa, an ɗaure kundin, sannan ta nemi yafiyar duk wanda take so. Bashira ta ce yafiyar da aka nema bayan an gama cin moriya, ba ta san ko sunanta yafiya ba. Farfesa ta mayar da tabaraunta.

Sauran maganar ta aiki ce. Babin ya mutu. Jami'a ba za ta bari a kai shi gaban masu jarrabawa da takardar lauya a kansa ba, kuma kundin ba zai tsaya da layi biyun nan na da ba. Sai an gina wani babin daga tsofaffin jaridu da abin da aka riga aka buga, a bi a hankali, a sake tsara ƙarshen gaba ɗaya. Farfesa ta ce in an yi sauri, shekara guda. Za ta rubuta wa hukumar da ta turo Bashira, amma ba ta yi alkawarin za su saurara ba.

Saƙon Edith ya shigo tana cikin bas ɗin komawa Setapak, an tsaya cak a cunkoso, ruwa yana zuba. Gajere ne. Tsohuwar ta ce ita ce ta sa aka rufe, kuma ba za ta ba da haƙuri a kan hakan ba. Ta ce mutane da yawa sun yi rubutu a kan mahaifinta, ba wanda ya taɓa tunanin akwai abin da zai roƙe ta. "Na yafe miki," in ji ta. "Shi ma ina ƙoƙarin yafe masa."

Bashira ta karanta ta kife wayar a cinya. Abin da ta so tun farko ta samu, an rufa wa Baba Orrin asiri, kuma da hannunta aka rufa. Ta nemi daɗin abin a zuciyarta, ta same shi, ɗan kaɗan ne, bai kai ya ɗauke ta daga kujerar bas ɗin ba.

Comfort ta ce ta bari sai gobe ta kira gida. Bashira ta ce gara yau. Aminatu ce ta ɗauka, da muryar nan tata da ta fara zama ta manya, ta gaishe ta tsaf kamar yadda ake gaida baƙuwa. Bashira ta tambayi makaranta, ta tambayi ƙafar Iya, ta ja maganar iya yadda za ta jawu. Sannan ta ce aikin ya ɗan samu matsala, Sallar nan ba za ta samu zuwa ba.

"To," in ji Aminatu. "Allah ya ba da sa'a. Bari in kai wa Iya."

Bashira ta ji takun ƙafarta a tsakar gida, ta ji tana kiran Iya. Ta riƙe wayar tana jira yarinyar ta dawo ta tambaye ta sai yaushe, don duk shekarun nan ba su taɓa rabuwa a waya ba ba tare da ta tambaya ba. Muryar Iya ce ta zo, tana sallama.