Ƙararrawar da ke Kunnen Hagu

Sau biyu aka dawo wa Mai Kunne da aiki a cikin wata guda, abin da bai taɓa faruwa da shi ba a shekara talatin da ya yi yana haɗa sautin waƙoƙi. Wata mawaƙiya ce mai tasowa ta ba shi waƙoƙinta takwas ya daidaita mata. Ta dawo da su tana ta sunkuyar da kai, wai sautin yana soke kunne. Ya gyara, ta sake dawowa. Masu ɗaukar nauyinta suka ce in bai gyaru ba zuwa ƙarshen mako, a kai wa wani.

Shi dai ya riga ya yanke hukunci, laftof ce mai laifi. Tun da ya rufe situdiyonsa ya koma aiki a ɗakin gida da ita yake komai, kuma duk mai sana'a ya san ramin hedifon na laftof ba abin amincewa ba ne. Matarsa ta yi kasada ta ce ko zai je a duba masa kunne, tunda maƙwabta har sun daina kunna talabijin ɗinsu, nasa ya ishe su. Kwana biyu bai yi mata magana mai daɗi ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Da hantsi ya saɓa jakarsa sai shagon Gajere, inda ake sayar da kayan sauti. Gajere mutum ne dogo, sai ya ranƙwafa yake shiga ƙofar shagonsa, kuma Mai Kunne ne ya laƙaba masa sunan lokacin da ya yi shekara tara yana koyon aiki a hannunsa. Yanzu shi ma furfura ta fara leƙo masa a gemu.

"Maigida! Yau da kanka? Ai da ka kira ni na zo."

"Kai dai kawo kujera. Dak nake nema, irin na aljihu."

Dak wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce kwalin ashana ba. A jikin laftof ake soka ta, ita kuma a soka mata hedifon, sai ta karɓi aikin fitar da sauti daga hannun laftof ɗin.

"Kar ka kawo min mai kwalliya," in ji Mai Kunne. "Ba na son mai ƙara kauri, ba na son mai ƙara kaifi. Wadda za ta faɗa min abin da ke cikin waƙa, ba ragi ba ƙari. In mummuna ne ta ce min mummuna ne."

Gajere ya ɗauko guda uku zai jera a kan teburi, Mai Kunne ya daka masa tsawa.

"Haka na koya maka? Rufe su!"

Gajere ya yi dariya, don bai manta ba. Dokar maigidansa ce tun fil azal: ba a gwada kaya ido na kallo. Cewa yake ido munafuki ne, da ya ga abu mai tsada sai ya raɗa wa kunne cewa da daɗi. Sai ya juya wa teburin baya, Gajere ya lulluɓe na'urorin da tawul, waya kawai ke fitowa zuwa hedifon.

Waƙar gwajinsa ɗaya ce, wadda ya ɗauka da hannunsa shekara ashirin da biyu da suka wuce. Mace ce ke rerawa da jita, kuma duk sanda amshi ya zagayo, akwai wata 'yar ƙararrawa da ke bugawa can ƙurya a kunnen hagu, siririya ƙwarai. Shi ya ajiye ta a wurin. Watanni ke nan bai ji ta a laftof ɗinsa ba, ita ce ma hujjarsa.

Aka kunna ta farko. Ya lumshe ido, amshi ya zo ya wuce.

"Cire. Ta haɗiye min ƙararrawa."

Aka sa ta biyu. Ya saurara har amshi biyu, yana danna hedifon a kunnen hagu da tafin hannu.

"Wannan ma bargo aka rufa mata. Kai wane irin tarkace kake sayar wa mutane?"

Gajere ya sauya waya zuwa ta uku. Amshi na zagayowa sai ga ta, can nesa, da ƙyar, amma ita ce. Wani daɗi ya lulluɓe tsohon har ya buga ƙafa a ƙasa. Ashe dai ba shi ba ne! Ashe zai koma gida ya kalli matarsa ido cikin ido!

"Ita ce! Wannan ce mai gaskiya. Buɗe mu gani."

Hannun Gajere ya daɗe a kan tawul ɗin kafin ya ɗage.

Wata ja ce mai walƙiya, da zanen tsawa a jikinta. Mai Kunne ya san ta, kowa a sana'ar ya san ta. An yi ta ne don masu son ƙara, tana tura siraran sautuka sama har su riƙa yankar kunne. Shi da bakinsa ya taɓa cewa ko kyauta aka ba shi sai dai ya tokare ƙofa da ita. Ta farkon kuwa, wadda ya ce a cire tun kafin a je ko'ina, ita ce baƙar nan marar ado da masu aikin sauti ke rantsuwa da ita.

"Ka rikita wayoyin," ya ce.

"Ban rikita ba, Maigida."

"To me ya kai wannan cikin gwajin?"

Gajere ya dubi ƙasa. "Yarinyar nan mawaƙiya ta kawo min waƙoƙin na saurara, makon jiya. Ta rasa wanda za ta tambaya. Na ji ka ƙara kaifi a ko'ina, fiye da kima. Na rasa ta inda zan fara faɗa maka."

Mai Kunne ya ji kunya ta kama shi, irin wadda ba ta barin mutum ya yi fushi. Wato kaifin da kunnensa ya daina ji shi yake ta ƙarawa a waƙar mutane, yana ɗura gishiri a miya don harshensa ya mutu. A waje wata mota ta yi hon, ya ji ta sarai, har ya so ya kafa hujja da ita. Amma ya fi kowa sanin cewa siraran sautuka ne ke fara tafiya, masu kauri su tsaya su rufa wa mutum asiri.

"Mayar da ta farkon," ya ce a hankali. "Raba wayar gida biyu, kai ma ka sa hedifon. In ka ji ƙararrawar ka ɗaga yatsa."

"Haba Maigida, mu bar shi haka mana."

"Na ce ka ɗaga yatsa."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Jita ta fara, muryar matar ta shigo, Mai Kunne yana jin kowace kalma. Ya tattara duk hankalinsa ya kai kunnen hagu, har numfashi ya riƙe. Amshi ya zo. Yatsan Gajere ya tashi. Ya sauka, ya sake tashi. Tsohon bai ji komai ba sai jita da murya, ga kuma dogon yatsan nan yana tashi daidai inda ya san ya ajiye ƙararrawar. Sau goma sha biyu ta buga kafin waƙar ta ƙare, da ido ya ƙirga su. A na ƙarshen hawaye na bin gemun Gajere, amma bai fasa ɗagawa ba.

Mai Kunne ya cire hedifon ya naɗe wayarsa a tsanake, yadda ya koya wa duk wanda ya taɓa aiki da shi. Ya laluba aljihun jakarsa ya fito da 'yar ma'ajiyar da waƙoƙin mawaƙiyar ke ciki, ya tura ta gaban Gajere.

"Ka ƙarasa mata kafin ƙarshen mako. Waƙa ta biyar ka kula da numfashinta, kar ka goge shi, da shi take da daɗi."

"In na gama zan kawo maka ka saurara," in ji Gajere.

Mai Kunne ya saɓa jakarsa, ya dube shi.

"In saurara da me?"