Dee Maduakor Yana Kan Hanya

Ranar da muka zauna tsara zaman ban kwana na Dee Maduakor, saura ƙiris in jefi shugaban ƙungiyarmu da robar ruwa. Mu lauyoyin Umuahia, idan namu ya mutu, ba a wucewa da shi ƙauye sai an biyo da akwatinsa babbar kotu. Kowa ya sa baƙar riga da hular gashi, alƙalai su zauna, mutum ɗaya ya tashi ya yi magana da yawun sauran. Tun ina ƙaramar lauya, wanda ya fi kowa daɗewa a aikin shi ne mai wannan magana, kuma yanzu babu wanda ya kai Dee Anozie daɗewa. A yarenmu, Dee ake ce wa dattijo don girmamawa, dattijuwa kuma Daa. Sai ga shugaba Chikwendu yana murza zoben hannunsa, wai an samo wani babban lauya daga Legas, mai zaƙin baki, shi zai yi jawabin.

Na tambaye shi ko mutumin Legas ɗin ya taɓa ganin mamacin da idonsa. Ya ce a'a, amma za a ba shi labari.

"Daa Ulumma, ki yi haƙuri," in ji shi. "Dee Anozie ko sunansa ba ya iya faɗa daidai. So kike a yi masa dariya a gaban alƙalai?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ya ƙara ƙona mini rai. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Dee Anozie, ya bar shi yana jan ƙafa, harshe kuma ya yi masa nauyi. Amma ni a ofishin Dee Maduakor na fara aiki, na san abin da ke tsakanin tsofaffin nan biyu. A gabana suka yi alkawari, suna cin kwaɗon ugba suna kora bammi, cewa duk wanda ya riga mutuwa, ɗayan ne zai tsaya masa a kotu. Dee Maduakor har ya ce shi dai yana roƙon Allah ya riga tafiya, don ya ji ko Anozie zai iya yabon mutum sau ɗaya a rayuwarsa.

Ba su taɓa tsayawa ɓangare ɗaya a shari'a ba. Dee Anozie lauyan kamfanoni ne, mutum mai tsabta kamar sabon faranti, kafin masinja ya buɗe ƙofar kotu yana bakin ƙofa. Dee Maduakor kuwa lauyan rigimar gona ne. Ƙauyawa ke cika masa ofis, ladansa doya da manja, wani lokaci akuya, har sai da muka yi wa bayan ofis laƙabi da kasuwa. Ya taɓa riƙe shari'ar gonar wata gwauruwa tun tana goyon ɗanta, bai saki ba sai da ɗan ya yi gemu, kuma ya ci shari'ar. Rigarsa ta lauya ta koɗe ta koma ruwan toka, hularsa kamar kaza ta kwana a ciki. Sannan ga latti. Kai, mutumin nan da latti aka haife shi. Kullum sai ya tsaya a hanya sauraron wani mai kuka.

A aikinmu, idan aka kira ƙara lauyan mai ƙara ba ya nan, abokin hamayyarsa na da damar ya nemi a kore ta. Da yawa haka suke cin shari'a, ba gumi. Dee Anozie bai taɓa yi ba. Sai ya miƙe, ya gyara riga, ya rusuna ya ce, "Ya mai shari'a, abokina yana kan hanya. Ina roƙon a ɗan jira shi." Kamfanonin da yake wa aiki sun yi ƙorafi har sun gaji, ɗaya ma ya ƙwace aikinsa. Shi kuwa cewa yake ba zai kayar da mutum a bayan idonsa ba, sai ya zo ido da ido. Idan Dee Maduakor ya shigo yana haki, takardu na zubewa, Anozie zai raɗa masa, "Mai akuya, ka iso?" Shi kuma ya ce, "Yaron Turawa, ka yi kewata ne?" Daga nan su kama juna kamar ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba.

Don haka na gaya wa Chikwendu, in ba a kira Dee Anozie ba, ni da sauran tsofaffin mata za mu cire hulunanmu a gaban alƙalai mu fice, ya san yadda zai yi da baƙonsa. Ya san halina. Muka daidaita a kan za a fara kiran Dee Anozie, in ya kasa ni zan zaunar da shi, mutumin Legas ya karɓa.

Na yi ta zarya gidan Dee Anozie muna gwaji. Matarsa ta ce tun da aka kawo labarin rasuwar bai yi kuka ba, abinci ma sai an yi da gaske. Doguwar magana muka fara shiryawa, muka yi ta yankewa har ta koma guntuwa: cewa Maduakor lauyan talaka ne, bai taɓa sayar da wanda ya amince masa ba, kuma shi Anozie bai taɓa karawa da kamarsa ba. Wata rana ya faɗe ta tsaf, wata rana kalma ta maƙale, ya yi ta dukan cinyarsa da hannun da ke aiki. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, na kuma ji tsoro, don idan ya kasa a gaban jama'a ni na jawo masa. Na ce ko in karanta a madadinsa, shi ya tsaya kusa da ni kawai. Ya harare ni, ya nuna ƙirjinsa da yatsa.

Ranar zaman, kotu ta cika har waje. 'Yan ƙauye sun zo da yawa, suka tsaya jikin tagogi tunda ba su da wurin zama a ciki. Akwatin na tsakiya, an ɗora masa koɗaɗɗiyar rigar da hular. Wani a bayana ya ce yau dai Dee Maduakor ya riga alƙali zuwa, aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, ni ma na yi, hawaye na zuba. Dee Anozie na layin gaba, an goge masa riga, ni ina hagunsa. Kujerar damansa, inda mamacin ya saba zama, ba wanda ya yarda ya zauna.

Alƙalai suka shigo, muka rusuna. Babbar mai shari'a, wadda ita ma a gaban tsofaffin nan ta koyi aiki, ta buɗe zama. Magatakarda ya kira sunan mamacin cikakke, da irin muryar da yake kiran ƙara, sannan aka ba Dee Anozie dama.

Na kama shi ya miƙe. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya sake gwadawa, sai wani sauti kamar na mai shaƙewa. Na hango Chikwendu yana yi mini alama da ido, mutumin Legas har ya fara tattara takardunsa. Na riƙo hannun Dee Anozie zan zaunar da shi, ya fizge.

Bai kalli akwatin ba. Kujerar damansa ya kalla, ya kalli ƙofa, ya gyara rigarsa da hannu ɗaya, ya rusuna. Maganar ta fito sarai, ba gargada ko ɗaya, kamar ciwon bai taɓa taɓa shi ba.

"Ya mai shari'a, abokina yana kan hanya. Ina roƙon a ɗan jira shi."

Har yau ban sani ba ko kansa ne ya ruɗe da jin an kira sunan, ko kuwa ita kaɗai ce maganar da harshensa ya saba da ita har ciwo bai iya ƙwace ta ba. Wata ƙaramar lauya ta toshe baki da hannu. Mai shari'a ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ajiye alƙalaminta.

"Kotu ta amince, Dee. Za mu jira."

Muka jira. Alƙalai, da lauyoyi, da mutumin Legas, da ƙauyawan da ke jikin taga, ba mai motsi. Dee Anozie na tsaye, idonsa a ƙofa. Wallahi ni kaina sai da na waiga, ina jin kamar zan ji takun nan nasa da hakinsa. Ba wanda ya shigo.

Can ya juyo a hankali, idonsa ya sauka kan akwatin da tsohuwar hular. Ya daɗe yana kallo. Na ga leɓensa na motsi, na matsa kusa, don na ɗauka jawabin da muka shirya ne ya dawo masa.

"Mai akuya," ya ce, da ƙyar. "Ka iso?"

Ya ɗan karkata kunne yana jiran amsa, yadda ya saba. Sannan ya zauna da kansa, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, ya fara kuka.