Kwaɗo a Kan Famfo

Zargi ne ya kai maƙwabcina Mai Sikeli kabari, ko da yake likita ya ce ciwon ƙirji ne. Ni da na ga farkon abin na fi likita sani, kuma ba zan ɓoye ba, da hannuna a ciki.

Ran da ya ɗaure famfon gidansa da sarƙa ina tsaye kan benci ina leƙe ta kan katangar da ta raba mu. Hantsi bai gama fitowa ba. Surukarsa, matar ɗansa, tana bisa tsani da bokiti a hannu, za ta kwara wa rufin sabon ɗaki ruwa. Tsohon ya fito yana jan ƙafa, ya nannaɗe kan famfo da sarƙar keke, ya datsa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu.

"Sauko," ya ce mata.

"Baba, ɗanka ne ya ce in riƙa zubawa safe da yamma."

"Na san shi ya ce. Sauko."

Ta sauko, ta ajiye bokitin da sauran ruwa a ciki. Ya sa sanda ya ture shi.

Bari in koma baya kaɗan, don ba a fara gini daga rufi. Mai Sikeli shekara arba'in ya yi yana awon hatsi a kasuwa. Aikinsa ke nan, ya tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa, kowanne yana neman ya cuci ɗan'uwansa. Ya ga buhu da tsakuwa a ƙasa, ya ga hatsin da aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Da ya bar kasuwa sai ya dawo gida da sikelin da kuma halin. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya juya ta ya duba ƙasanta.

Gidan kuwa na ƙasa ne, ubansa ya gina, daga baya aka yi masa fulasta aka ɗora kwano. Ɗakin tsohon yana can ƙurya. Bangonsa na baya ya yi ciki kamar mai juna biyu, kwanon ya ci tsatsa, bayi kuma yana wancan ƙarshen tsakar gida, ga gwiwoyinsa sun ƙi. Ɗansa ɗaya ne, direban babbar mota, yaro mai ƙarancin magana. Shi ya ce kafin damina zai ƙara ɗaki na bulo a filin da ke gefen zaure, da bayi a ciki, uban ya koma can. Ya kira Birkila, wanda shekara talatin shi ke yi wa gidan gyara.

Tun ranar da aka ja igiya tsohon ya sa kujera a inuwa. Kowane buhun siminti sai an ɗora a sikelinsa kafin a farke. Yashi sai ya murza, rodi sai ya ƙwanƙwasa. Birkila yana dariya, yana ce masa saura lebura, shi ma a auna shi safe da yamma a ga ko ya haɗiye bulo. Duk wannan da sauƙi. Inda abin ya ɓaci shi ne da ɗan ya ce rufin kankare za a zuba maimakon kwano, don wata rana a ɗora bene.

Da yamma tsohon ya same ni a ƙofar gida. Ya ce in ji, wai wata rana. Wace rana ce wannan, in ba ranar da aka ɗauke shi a kafaɗa ba? Ya ce mutumin da ke shirin bene a gidan ubansa ya riga ya gama da uban a zuciya. Na ce kai dai ka cika sa ido. Ya ce ido ne ya ciyar da shi shekara arba'in. Daga nan ya roƙe ni abu guda. Tagarsa ba ta kallon ginin, tawa katangar kuwa tana kallo. In na ga wani abu in faɗa masa.

Aka zuba kankare ranar wata Laraba. Washegari ɗan ya yi lodi ya tafi tafiyar kusan mako biyu. Ni kuma da safe na hau benci, sai ga surukar a kan rufin tana sheƙa ruwa, bokiti bayan bokiti, har yana gangarowa ta jikin bulo. Da yamma ta sake. Ni ma a ginin ƙasa aka haife ni, a cikinsa na tsufa. Mu abin da muka sani, ruwa abokin gaban gini ne. Saboda shi ake yaɓe kowace shekara, saboda shi ake gyara indararo. Ban taɓa ganin mai hankali ya ɗebi ruwa ya zuba wa rufin kansa ba. Ban tambayi kowa ba, na tafi na tsegunta masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma ƙadangaren ranar ni ne.

Bai yi mamaki ba. Kai kawai ya gyaɗa, kamar wanda aka kawo wa saƙon da ya daɗe yana jira. Ya ce so suke ya ruɓe daga ciki, ya shiga ya kwanta, ya rufto masa, a ce ƙaddara. Kashegari ya sa kwaɗon. Ruwan sha da na girki, shi zai buɗe da hannunsa ya tsaya a kai.

Surukar ta aika aka kira Birkila. Ya zo ya tsuguna, ya yi bayani cikin ladabi. Ya ce kankare ba laka ba ne, shan ruwa yake yi kafin ya ƙanƙame, in ranar nan ta bazara ta busar da shi da wuri tsagewa zai yi.

"Malam Birkila, kai ka taɓa ganin abin da ke bushewa da ruwa?"

"Ba bushewa ake so ba, Baba. Nuna ake so ya yi."

"Nuna. Mangwaro ne?" Ya nuna masa ƙofa da sanda. "Nawa rabonka in ya faɗo?"

Birkila ya miƙe, ya karkaɗe gwiwarsa. Ya ce shekara talatin yana hawa bangon gidan nan, ba a taɓa ce masa ɓarawo ba, yau an ce masa mai kisan kai. Ya kwashe cokalinsa da igiyarsa ya fita.

Na bi shi har bakin titi na tambaye shi tsakaninsa da Allah. Sai ya ja ni wani gini da ake yi a bayan layinmu. Ga sabon rufi an shimfiɗa masa buhuna jiƙaƙƙu, ga mai gidan da kansa riƙe da tiyo. Furfura ba ta hana jahilci, ranar na sani.

Na koma na gaya wa Mai Sikeli abin da na gani, na ce kuskure na yi. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce shekaranjiya ruwa guba ne, yau ya zama magani, me aka ba ni a tsakani? Na haɗiye wannan. Da la'asar na ari tiyo na jona a famfona, na jefa ta kan katanga, surukar ta kama. Ko rabin rufin ba ta jiƙa ba ya fito. Ya sa wuƙa ya yanke tiyon, ya cillo mini guntun, ya ce in na sake zai tara mini unguwa. A nan zuciya ta ɗebe ni, na ce gidanka ne, ka dafa ka cinye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na sauka daga benci. Da na jure na ci gaba, wataƙila da labarin ya sauya, amma da na sani ƙeya ce.

Kwana goma rana tana dukan rufin nan. Da ɗan ya dawo ya hau tsani, ya daɗe a sama bai sauko ba. Tsaga ta ratsa kankaren daga kusurwa zuwa kusurwa, ga ƙanana kamar tafin hannu, in ka murza gefen sai ya zubo gari. Uban yana ƙasa yana jiransa.

"Ka gani da idonka? Ruwan kwana biyu ke nan. Da na bar ku mako biyu fa?"

Tsagar da rashin ruwa ya kawo ita ce ta zama shaidar tsohon. Yaron ya ce to a bar rufin, zai sa a tokare shi a ɗora kwano a kai, Baba dai ya bar ɗakin ƙurya. Tsohon ya ƙi. Yaron ya ce to shi da matarsa za su koma sabon, Baba ya karɓi nasu. Tsohon ya ce ashe dama abin da ake nema ke nan, a raba shi da ɗakin ubansa. Daga ranar ya daina cin girkin surukarsa. Burodi yake saye a shago, sai ya duba ƙullin ledar kafin ya buɗe. Ita kuwa kullum sai ta ajiye masa kwano a bakin ƙofa, kullum ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Damina ta sauka da ƙarfi. A mako na uku na fara jin tarinsa ta cikin bango. Ɗan ya ajiye mota ya zauna gida. Ya kawo likita, tsohon ya bari an duba shi, amma ƙwayar maganin sai ya tura ƙarƙashin katifa, tunda ɗansa ne ya sayo.

Na ajiye fushina na shiga duba shi wata ranar da azahar. Ɗakin yana warin danshi. Robobi huɗu a ƙasa suna tarar yoyo, bangon baya ya yi baƙi har tsayin ƙirji. Ya rame, idanun ne kawai ba su rame ba. Ɗan yana tsugune a waje, an hana shi wuce dokin ƙofa.

"Sabon ɗakin yana nan tsaye?" ya tambaye ni.

"Yana nan."

"Jira yake in shiga."

Na ce masa maƙwabci, ka ji tsoron Allah, yaron nan kwana nawa ke nan a ƙofarka. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan. Ya yi tari mai tsawo. Da ya lafa sai ya ce abin da babba ya hango daga zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Na ce ni ai na girme ka da shekara biyu. Ya ɗan murmusa, ya ce shi ya sa aka fara saye na. Ya ce in zan fita in ja ƙofar, zai sa sakata.

Kashegari har rana ta take tarin bai tashi ba. Ɗan ya buga, ya kira, ya sake bugawa. Ni na kawo masa guduma, ya fasa ƙofar. Muka same shi a gefen gado, ƙafa ɗaya a ƙasa, kamar ya yi niyyar tashi, rai ya yi halinsa. Yaron ya durƙusa ya kama hannun, ya daɗe yana riƙe da shi. Rabonsa da taɓa ubansa tun kafin a zuba kankare.

Kwana huɗu da binne shi, da tsakar rana, bangon bayan ɗakin ƙurya ya kwanta. Sabon ɗakin yana tsaye har yau, da tsagarsa.

Ga abin da Mai Sikeli ya rasa, Allah ya jiƙansa. Ya rasa Birkilan shekara talatin, wanda ya zo gaisuwa ya tsaya a waje bai shiga ba. Ya rasa girkin surukarsa na kwana arba'in da ɗaya. Ya rasa ni na kusan wata biyu, ni da muka yi wasan ƙasa tare. Ya rasa rufi guda da sai an farfasa an sake zubawa, da ɗakin ubansa da ya ƙi bari. Ya rasa hannun ɗansa a lokacin da kowa ke neman hannu. Sai kuma gado sabo da yaron ya saya masa bai faɗa wa kowa ba. Yana nan jingine a zaure, ko ledarsa ba a cire ba.