Rubutun da ke Cikin Littafin Maguna

Tela yana cikin kafa hannun riga 'yarsa ta shigo shago da kayan makaranta a jikinta. Ko jaka ba ta ajiye ba, ta sunkuya ƙarƙashin teburin yanka ta jawo littafin maguna. Tsohon littafi ne mai hotuna, irin wanda iyaye da kakanni suka karanta suna yara. Mahaifiyarta ce ta saya mata kafin ta rasu, shekara uku ke nan, kuma bangonsa ya sha salatif har ya gaji.

"Baba, yau ni zan karanta maka. Malama ta ce na iya."

Ya ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki. Shi bai taɓa zama a aji ba. Lambobin tef ɗin awo kaɗai ya sani. Tun rasuwar matarsa, hotunan yake kallo yana ƙirƙiro wa yarinyar labari, yana bin layin da yatsa kamar mai karatu.

"To, Uwata, bismillah."

Ta hau kan buhun ƙyalle ta fara, tana jan kowace kalma kamar mai jan guga. A shafi na uku ta tsaya.

"Baba, ba kasuwa magunan suka je neman uwarsu ba. An ce ruwan sama ne ya kore su daga gida." Ta juya shafi. "Kuma wannan baƙar ba tela ba ce. Wasa kawai take yi da zare."

Ya so ya ce bugun littafin ne daban. Sai ya ga yadda ta zuba masa ido, ya kasa.

"Ban iya karatu ba, Uwata. Da ka nake faɗa miki."

Ta shiga murza gefen takarda. Can ta ce, "Naka ya fi daɗi. Nasu ba dariya."

Ya yi murmushi. Tunda dai asiri ya tonu, sai ya karɓi littafin ya buɗe cikin bangon baya. Akwai layi huɗu da shuɗin biro, rubutun matarsa. Bayan rasuwarta ya gan su, kuma kunya ta hana shi kai wa kowa. Wani lokaci yakan ce addu'a ce ta bar wa yarinyar, wani lokaci ya ce saƙo ne nasa.

"Karanta mini wannan. Hannun mamanki ne."

Ta matso da littafin kusa da hancinta.

"Litinin, gwajin jini. Alhamis, sa-ka-ma-ko." Ta gangara layi na gaba. "Likita ya ce wata shida. Ban gaya masa ba tukuna, aiki ya yi masa yawa."

Ya tuna lokacin. Ɗinkin kayan wata makaranta ya karɓa, riga ɗari biyu. Matar takan ce za ta leƙa gidan yayarta, ta ɗauki yarinyar da littafin don kada ta yi rigima. Ashe a layin asibiti suke wuni. Har faɗa ya taɓa yi mata a kan yawan fita, ta ce ya yi haƙuri.

"Baba, wata shida na me?"

"Sai kin ƙara girma zan gaya miki. Ba zan ƙirƙira ba."

Ta gyaɗa kai. Ya juya ga keken, ya tarar zaren ya zame daga allura. Ya lashi bakin zaren ya gwada, ya sake gwadawa, ramin allurar yana ta rawa a idonsa.

Yarinyar ta sauko daga kan buhu ta karɓi zaren daga hannunsa.

"Kawo, Baba. Ni ina gani."