Ruwan Sallama a Kan Gilashi

A ranarta ta ƙarshe a ofis, babu wanda ya tambayi Rumyana dalilin kumburin da ke ƙarƙashin idonta. Kowa ya san jirgin ƙasan yamma za ta bi zuwa birnin Varna, kowa kuma ya san wanda take gudu: mijinta Dragomir.

Daɓen zauren kamfanin inshorar gilashi ne. A ƙasansa tsohon titin Romawa yake kwance, da kwarin da ƙafafun keken doki suka ci a jikin duwatsu. A tsakiya an bar rami a buɗe, an kewaye shi da ƙarfe iya ƙugu. Duk shekarun da ta yi tana aiki a nan Plovdiv, gefen bango Rumyana take bi, don tsoron taka gilashin.

Tana jan akwatinta, Yordanka, dattijuwar da ke teburin karɓar baƙi, wadda suke kira Lelya, wato goggo, ta tare ta da tulun ruwan shan ofis a rungume.

"Tsaya, 'yar nan. Uwarki tana nesa, ni zan zuba miki."

"Lelya, a kan gilashi? Manaja zai cinye mu."

"Da waɗanne haƙoran?"

A al'adar nan, ruwa kofi guda ake zuba wa mai tafiya a bakin ƙofa, don hanya ta gudana masa kamar ruwa. Yordanka rabin tulun ta tuttular. Ruwan ya malala har gindin ƙarfen ramin.

Sai ƙofa ta buɗe. Warin giyar nan mai ƙarfi da suke kira rakiya ya riga Dragomir shigowa.

"Amarya, ina zuwa ba sallama?"

Kafin ta motsa ya damƙi gashinta, ya buga kanta da bango. Kunnenta ya ɗauki ƙara, bakinta ya cika da gishirin jini. Yordanka ta rafka masa tulun a baya.

"Sake ta, ɗan iska!"

Ya juya ya kai mata gwiwar hannu a baki. Dattijuwar ta zube, tabaraunta ya tarwatse. Ma'aikata suka tsaya cirko-cirko a kan matakala, wayoyi a hannu.

Rumyana ta fizge, ta bar masa gashi cikin tafin hannu. Ya tare ƙofa, ya tare bango. Tsakiya kawai ta rage. Ta ruga a kan gilashin, takalmanta na roba suna kama shi. Nasa na fata ne, masu sulɓi, waɗanda ita ta saya masa.

Ta ji ƙiii a bayanta, ta ji ƙarfe ya amsa, sannan wani tim mai nauyi daga ƙasa.

A karon farko ta dubi tsakanin ƙafafunta. Yana kwance can ƙasa a kan tsohon titin, ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasa, jini na bin kwarin dutsen a hankali. Bakinsa na motsi. Sunanta yake kira, da muryar nan mai taushi da yake yi washegarin kowane duka.

Yordanka ta tofar da jini a hankicinta.

"Jirgi ba ya jira. Ni na gani, ni zan gaya wa 'yan sanda."

"Lelya, bakinki..."

"Bakina ba zai hana ni magana ba. Ke dai taka ruwan, kada ki tsallake shi."

Rumyana ta ɗauki akwatinta, ta taka, ta fita da jiƙaƙƙun takalma.